Ƙanena makaho ya samu gurbin jami'a, daga ina za mu fara?

Maman Ummi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ƙanena ya samu gurbin karatu a jami'a bana, kuma ba ya gani tun yana ƙarami. Jarrabawar shiga ta zo masa da sauƙi, domin ta hannun kwamitin JEOG na hukumar JAMB ya rubuta, wanda aka kafa a 2017 saboda irinsu. Abin da ke hana ni barci shi ne bayan rajista: ɗakin kwana, lakca, jarrabawa. Don Allah wanda ya san hanya ya nuna mana.

Malamin Samaru: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya albarka. Kafin komai ku je ofishin kula da harkokin ɗalibai da takarda a rubuce, ba da baki kawai ba. Ku nemi ɗaki a ƙasa, kusa da banɗaki da famfo. Ku yi kwafi uku: ɗaya ga shugaban ofishin, ɗaya ga shugaban sashensa, ɗaya a buga mata hatimi ku riƙe. In aka gama rabon gadaje, gyara yana wuya.

Baban Sadik: Ina goyon bayan Malam. Kuma ku shiga da ƙarfin gwiwa, ba alfarma kuke roƙo ba. Akwai dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta ba gine-ginen gwamnati shekara 5 su gyara hanyoyin shiga, wa'adin kuma ya cika tun farkon 2024. Hukumar kula da masu buƙata ta musamman ta ƙasa, wato NCPWD, da ke Abuja ita ke bin diddigin dokar, ana kai mata ƙorafi.

Tsohon Ɗalibi: Anti, ni ma makaho ne, na gama digiri, bari in yi magana a kan abin da na fi sani. Gini matsala ne, amma takardun darasi su ne babbar matsala. Malami zai ba da takarda a ɗauki hotonta a tura a WhatsApp, kowa ya karanta, kai kuwa wayarka ba ta da abin da za ta faɗa maka, domin hoto ne ba rubutu ba. Don haka a makon farko ya bi malamansa ɗaya bayan ɗaya, cikin ladabi, ya roƙi su riƙa ba shi asalin rubutun da suka buga a kwamfuta. Yawancinsu ba mugunta ba ce, ba su taɓa koyar da makaho ba ne. Ya kuma nemi izinin naɗar lakca.

Kayan aiki: in da hali a saya masa kwamfutar tafi-da-gidanka ko da ta hannu ce, a sa mata NVDA. Manhaja ce mai karanta abin da ke kan allo, kyauta ce, ba sai kun kashe kuɗi a kan irinta ta saye, wato JAWS, ba. A waya akwai TalkBack in Android ce, VoiceOver in iPhone ce. Ya ƙara da Seeing AI ko Lookout, suna karanta takarda in ka haska mata kyamara. Amma kada ya ajiye allonsa da tsinken rubutun makafi. Ranar da babu wuta su ne abokan tafiya.

Maman Ummi: Allah ya saka da alheri. To jarrabawa fa?

Tsohon Ɗalibi: Ita ma a rubuce, tun tsakiyar zango. Ya faɗa wa jami'in jarrabawa na sashe yadda yake so: ko da kwamfuta, ko a karanta masa ya faɗa a rubuta. Ya nemi ƙarin lokaci. Kada ya bari sai safiyar ranar.

Malama Hadiza: In jami'ar tana da sashen ilimin masu buƙata ta musamman, kamar yadda Bayero da Jos suke da shi, ku leƙa ko da ba can zai yi karatu ba. Su suka san inda na'urar buga rubutun makafi take, da wanda zai zaga da shi harabar makaranta har ƙafarsa ta san hanya. Sannan Hajiya, ki yi haƙuri da wannan: ki bar shi ya yi magana da bakinsa a ofisoshin nan. Ki raka shi, amma shi za su riƙa gani shekara huɗu, ba ke ba.

Baban Sadik: Ya cike neman bashin karatu na NELFUND ma, tunda an fara bayarwa a 2024 ga ɗaliban makarantun gwamnati. Kuma ya nemi reshen ƙungiyar makafi ta ƙasa a jiharku.

Maman Ummi: Na karanta masa duka, ya ce shi zai tsara takardar da kansa yau da daddare. Tsohon Ɗalibi, yana tambaya ko zai iya kiranka a kan yadda ake sa NVDA ɗin.

Tsohon Ɗalibi: Ya kira bayan isha'i, kwamfutar tana gabansa da caji.