Sababbin unguwannin Gombe: ina zaure ya tafi, kuma me ya sa ruwa ke cin layuka?

Ɗan Jekadafari:
Assalamu alaikum. Tambayata ga magina da masu awon ƙasa ce. A tsofaffin unguwanni za ka tarar da gida da zaurensa da tsakar gida mai faɗi. Da ka fita gefen gari kuwa sai ɗakunan haya a jere, ƙofa na kallon ƙofa, lungu ko Keke Napep ba ya shiga, damina ta zo ruwa ya cinye layin. Yawan baƙi ne ya jawo haka? Wanda zai sayi fegi a can yau, me zai duba?

Mai Awo:
Wa'alaikumus salam, Malam. Ai baƙi ne suka raya Gombe tun asali. A 1919 aka dawo da hedikwatar masarauta nan Gombe Doma. Auduga ta jawo mutane, har unguwar BCGA sunan kamfanin auduga ta ci. Jirgin ƙasa ya iso a farkon shekarun 1960. Da aka ba da jiha a 1996 ma'aikata suka taso daga Bauchi, sannan wajen 2014 'yan'uwanmu na Borno da Yobe da Adamawa suka shigo gudun hijira, yawancinsu kuma ba sansani suka zauna ba, gidajen dangi da na haya suka shiga.

Laifin ba na baƙo ba ne. Mutane ne ke riga shatar gwamnati isa wuri, sai mai gona ya yi awon igiya. Duk ƙafar da ya bar wa hanya kuɗi ne ya rasa, shi ya sa layin da ya kamata ya kai mita 9 zuwa 12 yake komawa mita 3 ko 4, ba gurbin lambatu, ba filin makaranta. Kafin ka biya, ka kai takardar fegin zuwa GOGIS, hukumar kula da filaye ta jihar Gombe, a duba. Shaidar mai unguwa kaɗai ba ta hana rusau.

Magini Bolari:
Lissafi ne ya kori zaure, Alhaji. Fegi mai ƙafa 50 da 100 yana ɗaukar ɗaki 12 masu ƙafa 12 da 12, shida dama shida hagu, a bar kamar ƙafa 20 a baya don bayi da kicin. Mai gida gani yake zaure kuɗin ɗaki guda ne ke tafiya a banza. Ga shi kuma zaure na magidanci ɗaya ne, nan yake karɓar baƙinsa, nan yara ke karatun allo. Gidan da magidanta 12 ke ciki, kowa da garin da ya fito, zauren na wa?

Abin da ke ba ni takaici shi ne gaggawa. Buhun siminti kada ya wuce bulo 35 zuwa 40 na inci 9, a yi ta ba bulon ruwa kwana 7. Masu bugawa suna kai shi 60, ka murza da yatsa ya zube. Sai a rufa kwano ƙasa-ƙasa ba silin, taga ɗaya tak, watan Afrilu ya zo a koma kwana waje. A ɗaga bango ya kai ƙafa 10 kafin silin, kowane ɗaki a ba shi taga a bango biyu.

Injiniyan Ruwa:
Garin a kan gangare yake, daga yamma ya zubo gabas, ƙasar kuma yashi ce mai saurin zaizayewa. A da gonaki ne ke shanye ruwan. Yanzu rufin da ya kai murabba'in mita 200, in an yi ruwan milimita 50, lita 10,000 yake zubarwa, duro 50 ke nan daga gida ɗaya, duk cikin lungun da ba lambatu. Da haka ƙaramar hanyar ruwa ke zama kwari.

Ka je fegin da zarar an ɗauke ruwa, ka ga inda yake bi. Ka sake komawa da rani: in ƙasar baƙa ce ta tsattsage, laka ce mai kumbura, za ta tsaga bango sai an zurfafa fandisho an ɗaure shi da rodi. Daɓen ɗaki ya fi layi tudu da bulo uku. Sokawe, wato ramin ruwan bayi, shi kuma ya yi nisan mita 30 da rijiya, abin da ba ya yiwuwa a fegi ɗaya, don haka ku zauna da maƙwabta kowa ya haƙa sokawensa ta ɓangare guda.

Hajiyar Pantami:
Malam Magini, zaure ba don baƙin maigida kaɗai aka yi shi ba, sutura ce ga matan gida. In ba shi, da an buɗe get duk mai wucewa yana kallon mai wanki da mai girki. Ko ba a yi zaure ba, a ja 'yar katanga mai tsayin ƙafa 6 a bayan get yadda mai shigowa sai ya karkata. Bulo 30 zuwa 40 ya ishe ta, ba ta kuma cin ɗaki ko ɗaya.