Ram ɗin kwamfutar cikin sabar ya ƙi komawa ɗaya rumbun, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa masana kwamfuta. Daga Garwa nake rubutowa, ina kula da sabar wani ɗan ƙaramin ofis. Tana da firosesa biyu, kowanne da nasa rumbun ram, wato tsarin NUMA, rumbu na 0 da na 1. A kanta muke tafiyar da kwamfutocin cikin sabar, wato waɗanda manhaja ke ƙirƙira a cikinta, ta manhajojin KVM da libvirt.

Ɗaya daga cikinsu, mai riƙe da ma'ajiyar bayananmu, ta yi nauyi. Da na duba da numastat, umarnin da ke nuna yadda ram ya rabu a rumbunan, sai na ga firosesocinta suna gefen 1, amma kusan duk ram ɗinta na zaune a rumbu na 0. Duk abin da za ta karanta sai ya tsallaka, kamar mai gida a wannan gaɓar kogin Binuwai, rumbunsa a waccan.

Na yi virsh numatune, umarnin zaɓa mata rumbun ram, don in mayar da ita rumbu na 1 tana kunne, na kuma gwada migratepages, umarnin matsar da shafukan ram (ƙananan yankunansa) daga rumbu zuwa rumbu. Ɗan kaɗan ya motsa, sauran ko gezau. numa_balancing, tsarin da ke matsar da ram kusa da firosesa da kansa, shi ma a kunne yake.

Zargina yana kan katin intanet da na miƙa mata kai tsaye ta VFIO, tunda hakan yana ƙulle shafukan ram ɗinta a inda suke. To ko akwai dabarar matsar da su ba tare da kashe ta ba? Kashewa da rana ba zai yiwu ba, ma'aikata suna kanta. In kuwa dole ne, me zan rubuta a numatune da vcpupin, mai ɗaure firosesocinta a gefen da aka zaɓa, don ta tashi a rumbu ɗaya? Allah ya saka da alheri.