Muhawara: Cire tamostat ne ke sa Golf 3 shan mai, ko cunkoson gari?

Malam Sabi'u: Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga masana mota na wannan zaure, kuma zan fara da lissafi domin kada a ce zato nake yi. Motata Golf 3 ce mai inji 1.8, injekta, giyar hannu, kuma ranar da na saye ta dillali ya rantse mini cewa lita ɗaya tana kai ta kilomita 14. Na cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, na mayar da mitar tafiya sifili, na yi mako biyu ina zirga-zirgata daga Rijiyar Zaki zuwa makarantar da nake koyarwa a cikin gari, da kai yara da cefane, sannan na koma gidan man nan da famfon nan na sake cikawa. Na yi kilomita 385, tanki ya ɗauki lita 47, wato kilomita 8 da 'yar ɗoriya a kowace lita. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan ba bambancin da malamin makaranta zai kawar wa kai ba ne. Ɗan yayata ya lura cewa allurar zafi ba ta taɓa kaiwa tsakiya, ya ce an cire wa motar tamostat, wato abin da ke hana ruwa zagayawa ta lagireto sai inji ya ɗumama, an kuma haɗa fanka kai tsaye tana juyawa ba tsayawa, kuma nan man yake tafiya. Bakanikena kuwa ya ce babu abin da ya haɗa kifi da kaska. Wa ke da gaskiya?

Oga Ɗanlami: Wa alaikumus salam, Malam. Bakanikenka ya fi ɗan yayarka gaskiya. Shekarata 22 a gareji, kuma babu motar Kwatano da ta shigo hannuna ban cire mata wannan abu ba, domin an yi shi ne saboda ƙasashen da ƙanƙara ke zuba, ba saboda Kano da zafinta ke wuce digiri 40 a watan Afrilu ba. Idan ya maƙale a rufe, ruwa ba ya zagayawa, mota ta ɗauki zafi, gaskit ya ƙone, kuma kuɗin da za ka kashe a ranar ya fi man wata uku. Shan man motarka daga cunkoso yake, da tsofaffin fulogogi, wataƙila kuma da mitar gidan man da kake sha.

Injiniya Bashir: Oga Ɗanlami, ina girmama shekarunka a sana'a, amma a nan ba zan bi ka ba. Zafin Kano da zafin da inji yake buƙata ba abu ɗaya ba ne. Injin Golf 3 an ƙera shi ya yi aiki ruwansa yana kusan digiri 90, shi ya sa tamostat ɗinsa ba ya buɗewa sai wajen digiri 87, saboda haka ko a tsakiyar bazara injin da ya kwana a digiri 35 mai sanyi ne a ma'aunin masu ƙera shi. Akwai na'urar da ke auna zafin ruwa tana sanar da ƙwaƙwalwar motar, kuma muddin ta ce inji bai ɗumama ba, ƙwaƙwalwar za ta ci gaba da ƙara mai a kan iska, kamar yadda ake jan cok a tsofaffin motoci da safe. A motar da tamostat ɗinta ke aiki wannan na 'yan mintoci ne. A motar Malam Sabi'u, wadda ruwanta ke ratsa lagireto tun daga tashi, fanka kuma tana busawa ba tsayawa, injin yana iya kai shi makaranta ya dawo da shi bai kai zafin aikinsa ba, wato kamar mutumin da ke yawo da cok a jaye ne duk yini. Ita fankar ma ba kyauta take juyawa ba, wuta take ja, na'urar cajin batir kuma daga ƙarfin inji take samun wutar. Sannan man da bai ƙone ba yana sauka ya tsinka baƙin mai, ya kuma baƙanta fulogogin nan da kake ɗora wa laifi. Motocin da ake sayarwa sababbi a Saudiyya da Dubai da tamostat ɗinsu suke zuwa, kuma ba mu fi su rana ba.

Oga Ɗanlami: Injiniya, a takarda haka ne. Ni kuwa gaskit nake canzawa, ba takarda ba.

Alhaji Mamman: Ni daga Maraɗi nake, kuma irin motar ce a hannuna. A wajenmu ba ma cewa kilomita nawa a lita, cewa muke lita nawa a kilomita 100, kuma idan na juya lissafin Malam Sabi'u ya kama lita 12 da 'yan kai, wanda ya yi yawa ko ga cikin gari. Amma ina so in ɗan wanke dillalin. Idan na kama hanyar Damagaram, kimanin kilomita 235, na tsaya a gudun 90 a giya ta biyar, abin da nake ƙonawa bai wuce lita 7 a kilomita 100 ba, wato kilomita 14 ɗin da aka faɗa wa Malam ke nan. Mutumin bai ƙirƙiri adadin ba, abin da ya ɓoye shi ne na babbar hanya ne. Ni kaina idan na yi sauri na kai 120, kafin in isa sai in ga allurar mai ta sauka fiye da yadda ta saba.

Injiniya Bashir: Alhaji ya taɓo abu mai muhimmanci. A zamanin da aka fara ƙera Golf 3, daga 1991, kamfanonin Turai adadi uku suke bugawa: na gudun 90 ba canji, na gudun 120, da na cikin gari, kuma mai talla ya san wanda zai zaɓa. Gwajin da ya biyo baya, wanda aka yi amfani da shi har zuwa 2017, a ɗakin gwaji ake yin sa, tayoyi na juyawa a kan gangunan ƙarfe, na tsawon minti 20 da nisan kilomita 11, na'urar sanyaya mota a kashe, babu rami babu kaya. Cibiyar bincike ta ICCT ta gano cewa tazarar da ke tsakanin adadin kamfani da abin da direbobin Turai ke gani a hanya ta tashi daga kashi 9 cikin 100 a 2001 zuwa kashi 42 a 2015, kuma wannan a kan titunansu ne masu santsi. Game da gudu kuwa, turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudun, ninkawa take yi: daga 90 zuwa 120 gudu ya ƙaru da sulusi, amma turjiyar iskar ta kusa ninki biyu. Idan kuma aka ɗaura buhuna a kan rufi, abin ya ƙara lalacewa.

Baba Audu: Ni direban haya ne tsakanin Kano da Katsina, kuma duk wannan bayani na zafin ruwa bai dame ni ba. Dabarar da muka gada ita ce idan ka hau gangare ka sa mota a firi, ta tafi da kanta. Wasu ma kashe ta suke yi gaba ɗaya. Malam Sabi'u ya koyi wannan, zai ga canji.

Injiniya Bashir: Baba, a motar kafireta maganarka tana da ƙamshin gaskiya, kuma na san da yawa daga Golf ɗin haya an cire musu injekta an mayar da su kafireta. Amma ta Malam injekta ce, kuma ita idan kana cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur, inji yana juyawa sama da sulo, ƙwaƙwalwar tana yanke man gaba ɗaya, tayoyi ne ke juya injin. Da zarar ka sa firi sai ta koma ba shi mai domin kada ya mutu. Kashe inji a gangare kuwa ina roƙonka ka hana yaranka, saboda birki yana samun taimakonsa ne daga inji, bayan taku biyu ko uku sai ya yi tauri kamar dutse, kuma idan makulli ya koma baya sosai sitiyari yana iya kullewa.

Baba Audu: Shekara 30 ina yi, Allah yana tsarewa. Amma batun birkin gaskiya ne, na taɓa jin ya ƙi takuwa.

Hajiya Rabi: Ku gafarce ni in sako abin da ban ji an ambata ba. Malam Sabi'u, minti nawa kake barin motar tana aiki da safe kafin ka fita, kuma idan ka je ɗaukar yara kana kashe ta ko kana zaune ciki da sanyi a kunne? Ina tambaya ne domin maigidana yakan tayar da tamu ya koma ciki ya karya kumallo, wai tana ɗumama, sai da na riƙa rubuta abin da muke sha a littafin cefane kafin ya yarda cewa mai ne ke ƙonewa mota ba ta motsa ko taku ɗaya ba. Ƙofar makarantar yara ma haka, rabin awa a tsaye kullum.

Malam Sabi'u: Hajiya, kin kama ni. Minti goma zuwa sha biyar kowace safiya, kuma bakanike ne ya ce in riƙa yi. A but ma akwai tsohon batir da jarka da katan biyu na littattafai da suka shekara a ciki.

Injiniya Bashir: Motar injekta rabin minti ya ishe ta, sai ka fita a hankali, domin tafiya ta fi sulo saurin ɗumama inji. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa mota a tsaye tana aiki tana ƙona tsakanin lita 1 da 2 a awa, gwargwadon girman inji da ko sanyi na kunne, kuma kowane ƙarin kilo 45 na kaya yana ƙara shan mai da kusan kashi 1 cikin 100. Ka kuma sa mai faci ya auna tayoyi da safe kafin su yi zafi, ka bi adadin da kamfani ya rubuta a jikin motar, ba wanda yake bugawa da ƙafa ya ce ya yi ba.

Oga Ɗanlami: To ga shi nan, kowa ya ga inda man yake tafiya, amma an bar jaki ana dukan taiki. Bari in faɗi abin da Injiniya bai faɗa ba. Tamostat ɗin da ke kasuwa yawancinsa jabu ne ko tsohon da aka ciro daga wani inji, kuma mutanenmu ruwan rijiya suke zubawa a lagireto, wanda ke barin tsatsa da farin gishiri har hanyoyin ruwa su toshe. Motar da ta shekara 25 da rabin lagireto a toshe da murfin da ba ya riƙe iska, ka mayar mata da tamostat ka kuma ce fanka ta jira sai ruwa ya haura 90, a cunkoson Kofar Ruwa da azahar, wa za a zaga idan ta tafasa? Ni za a zaga, ba Injiniya ba.

Injiniya Bashir: A wannan na sallama maka, Oga, kuma shi ne ainihin dalilin da al'adar ta kafu: cire shi yana ɓoye ciwon lagireto, mai mota ya tafi yana murna, yana biyan kuɗin a gidan mai kaɗan-kaɗan bai sani ba. Ban ce a mayar da shi kawai a tafi ba. A wanke lagireto ko a canza shi, a sa sabon murfi, a zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya, a gyara makunnin fanka, sannan kafin a ɗaura tamostat a jefa shi cikin tukunyar ruwa a kan wuta a ga ya buɗe kafin ruwan ya tafasa. Wanda bai buɗe ba a mayar wa mai shago.

Malam Sabi'u: Jama'a, na dawo bayan mako uku da sakamako. An wanke lagireto, an sa tamostat bayan mun gwada shi a tukunya, fanka ta koma tashi da kanta, allura kuma yanzu tana zama a tsakiya. Na daina ɗumamar safe, na kwashe kayan but, na daidaita iskar taya. Hanya ɗaya, gidan mai ɗaya, famfo ɗaya: kilomita 402, lita 41, wato kilomita 9.8 a lita. Ban kai 14 ɗin dillali ba, amma a kowace kilomita 400 lita 8 ta rage mini.

Oga Ɗanlami: Ina taya ka murna, Malam, amma abu huɗu ka canza a lokaci guda, da wanne za ka rantse? Ɗumamar safe kaɗai, minti 15 sau 14, awa uku da rabi ke nan.

Injiniya Bashir: Gaskiyarsa, wannan awo bai raba gardama ba, kuma zan ƙara da abin da ba ya taimaka wa ɓangarena: yanzu Disamba ne, lokacin da rashin tamostat ya fi cin mai, saboda haka ribar ba lalle ta kai haka da bazara ba. Awa uku da rabi a sulo ba tare da sanyi ba, a inji 1.8, zai yi wuya ta kai lita 4, wato rabin lita 8 ɗin, sauran kuma dole daga wani wuri ya fito. Malam, ka ci gaba da rubutawa duk cikawa, aƙalla tanki huɗu.

Oga Ɗanlami: Ya rubuta har zuwa Afrilu, ya kuma riƙa kallon allurar nan idan ya shiga Kofar Ruwa da azahar. Idan ta wuce tsakiya ya faka ya kashe, kada ya buɗe murfin lagireto da zafi, ya kira ni.