Taƙaitawar ra'ayoyi kan karrama masu ƙirƙirar manhajojin koyarwa

Ga abin da na tattara daga doguwar muhawarar da ta taso kan lambar yabon UNESCO (hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya) mai sunan Sarki Hamad na Bahrain, wadda aka kafa a 2005 domin masu amfani da fasahar zamani a harkar ilimi.

1. Kusan kowa ya amince cewa manhajar da ta cancanci yabo ita ce wadda malamin ƙauye a Magarya ko Tanut zai buɗe a ƙaramar waya ba tare da intanet ba, ya sauke darussa ranar da ya shigo Damagaram, ya koyar da su mako guda a rumfar zana cike da yara.

2. An nemi a sanya Hausa da Barbarci tare da Faransanci a cikin manhajojin.

3. Ra'ayi ya rabu kan alƙalan gasa: wasu sun zaɓi masana daga Jami'ar André Salifou da ke Damagaram, wasu kuma sun dage sai malaman da ke riƙe da alli. Ni ina tare da na biyun, domin su ne caji ke ƙare wa a tsakiyar darasi.

4. Kaɗan sun yi gargaɗi cewa lambar yabo ba ta biyan kuɗin gyaran manhaja bayan an watse biki, shi ya sa suka fi son tallafi mai ɗorewa.