Haƙori ya fita da saiwarsa, me za a fara yi?

Anti Malama: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗalibinmu ya faɗi wajen ƙwallo, haƙorin gaba ya fita ɗungurungum, malamai duk muka rikice. Ina son in rubuta ƙa'ida mu liƙa a ofis. Me zan sa a ciki?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Shekarunsa nawa? Ya yi famfara?

Anti Malama: 10, haƙorin manya ne.

Maman 'Yan Biyu: Don Allah Anti ki fara da cewa kada a naɗe shi a tishu. Namu haka aka yi. Yarinya ta faɗo daga keke, aka wanke haƙorin tas, har da goge saiwar, aka naɗe. Muka je wani asibiti, babu likitan haƙori a ranar, wanda muka samu ya share jinin, ya rubuta maganin ciwo, ya ce mu dawo Litinin. Ko kallon haƙorin bai yi ba. Da muka ga likitan haƙori sai ta ce da an jefa shi a madara, ko an mayar da shi gurbinsa nan take, da akwai fata. Abin da ya fi ƙona min rai, ba kayan aiki aka rasa ba. Takarda ɗaya da za ta gaya wa ma'aikacin dare abin yi ce babu. Har yau da hannu take rufe baki in za ta yi dariya.

Kawu: Subhanallahi. Allah ya kyauta.

Nas: Sannu Maman 'Yan Biyu. Anti, ƙungiyar masana raunin haƙori ta duniya, wato IADT, tana da ƙa'idoji, ta sabunta su a 2020. A riƙe haƙorin ta kai, kada a taɓa saiwa. In ya yi datti a ɗauraye a hankali da madara ko ruwan gishirin asibiti, a mayar gurbinsa, yaron ya ciji ƙyalle mai tsabta. In ba a iya ba, a sa a madara ko cikin yawun yaron a kofi, a nufi likita. Akwai ƙwayoyin halitta a jikin saiwar, su ne ke sake kama ƙashi, kuma in haƙori ya kai minti 60 a bushe, sun mutu.

Autan Zaure: Ruwa fa? Ba ko'ina ake samun madara ba.

Nas: Ruwa yana lalata ƙwayoyin, amma ya fi a bar shi ya bushe.

Kawu: Ni mayarwar ce ban yarda da ita ba. Abin da ya faɗi ƙasa a cusa wa yaro a dasashi?

Baban Khalifa: Kawu ai shi ya sa likita ke duba allurar tetanus, ya ba da maganin ƙwayoyin cuta in da buƙata. Ana ɗaure shi da siririyar waya a jikin maƙwabtansa na mako 2.

Kawu: To ku dai kuka sani.

Autan Zaure: Kawu yana kare giɓinsa ne, wai wushirya ce.

Kawu: Auta zan zo gidanku.

Nas: Amma haƙorin da ba a yi famfararsa ba, ba a mayarwa ko kaɗan, zai iya lalata na manya da ke ƙarƙashi. Kuma in yaro ya suma ko yana amai, kansa ake fara dubawa, haƙori ya biyo baya.

Maman 'Yan Biyu: In gutsurewa ya yi a nemi guntun, ana iya manna shi. In ba a gani ba kuma leɓe ya fashe, a ce wa likitoci su ɗauki hoton X-ray, guntun yana iya maƙalewa a cikin naman.

Baban Khalifa: Wai robar nan ta kare baki da 'yan dambe ke sawa, akwai ta yara?

Anti Malama: Nas, madarar gari da aka dama za ta yi, ko sai ta ruwa?