Wai sadaka ce ko bashi?

Maman Ilham: Jama'a na gaji wallahi. Asibitinmu na karkara mu uku ne ma'aikata, rajista bakwai. Ta rigakafi daban, ta zazzaɓin cizon sauro daban, ta awon ciki daban, kowace ƙungiya da fom ɗinta. Jiya ina cike-cike, mai naƙuda na murƙususu a benci. Tun Disambar 2023 aka sa hannu wai gwamnati da ƙungiyoyin waje za su bi tsari ɗaya, rahoto ɗaya. Mu dai sadakar Turawan nan takarda kawai take tara mana.

Baban Yusra: Hajiya gyara zancenki, ba sadaka ba ce. Kuɗin Bankin Duniya bashi ne, jikokinki za su biya.

Ɗan Misau: Ƙungiyoyin tallafin lafiya irin su Gavi da Global Fund fa? Allurar yara da gidan sauro ma bashi ne? Farfesa Pate da ya zama ministan lafiya a 2023 ya kawo tsarin nan, kujerar shugabancin Gavi da aka ba shi ya bari ya dawo gida. A dinga yabawa.

Baban Yusra: To, ɗan garin su Pate ya iso.

Malam Habu: Sadaka sai da niyyar neman lada. Wannan a fiƙihu kyauta ce.

Kawu Bala: Kyauta? A tambayi Kanawa gwajin maganin Trovan na Pfizer lokacin sanƙarau na 1996.

Ɗan Misau: Kawu, Pfizer kamfani ne, ba ƙungiyar agaji ba. Irin wannan maganar ce ta tsayar da rigakafin shan inna a 2003.

Kawu Bala: Yaro, kana ina a 2003? Kada ka kuskura ka taɓa Kano.

Anti Zulai: Ku bar Turawa. A Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawarin kashi 15 na kasafi ga lafiya tun 2001, tarayya ba ta taɓa cikawa ba. Da Amurka ta tsayar da kuɗin hukumar agajinta ta USAID a 2025 ai kowa ya ji a jikinsa.

Malam Habu: Alkawari kuwa bashi ne.

Baban Yusra: Kun ji ko? Bashi!

Maman Ilham: Ni fa maganar rajista nake yi.

Shugaban zaure: An rufe. Abin da aka cimma: bashi ne, kamar yadda Baban Yusra ya tabbatar, har Malam ya goyi baya. Ɗan Misau ya ba Kawu haƙuri kafin magariba. Maman Ilham, maganar fom ɗinki a kawo ta wani lokacin.