Ganye kawai goggon biri ke ci, daga ina yake samun wannan ƙwanjin?

Mai_Nazari:
Assalamu alaikum jama'a. Tambayata kan gorila ce, babban goggon birin nan na dazukan tsakiyar Afirka. Namijinsa yakan kai kilo 140 zuwa 200, ƙirji kamar ƙofa, alhali ganye da kara da 'ya'yan itace ne abincinsa. Mu kuma kullum ana ce mana sai da nama da ƙwai tsoka ke ginuwa. Wasu sun ce bakteriyar cikinsa ce ke ƙera masa furotin kamar yadda ake yi a tumbin saniya. Haka ne? In kuwa haka ne, mutum zai iya bin wannan hanya da zogale da alayyafo?

Likitan_Dabbobi:
Wa alaikumus salam Malam. Maganar saniya da aka kawo maka rabin gaskiya ce, kuma a nan yawancin mutane ke ɓata.

Saniya da akuya tumbinsu yana gaba da ƙaramin hanji. Ciyawa ta fara tsimuwa a tumbi, bakteriya su hayayyafa a cikinta, sannan su kansu bakteriyar su gangara zuwa ƙaramin hanji a narkar da su. Kenan saniya tana cin naman bakteriyarta ne, shi ne furotin ɗinta. Gorila ba shi da irin wannan tumbi, kuma ba ya tuƙa. Cikinsa guda ɗaya ne kamar namu. Wurin tsiminsa babban hanji ne, wanda ke can baya, bayan an wuce inda jiki ke tsotse furotin. Saboda haka akasarin furotin da bakteriyarsa suka haɗa yana fita ne tare da kashi.

Abin da babban hanjin ke ba shi makamashi ne. Bakteriya suna farfasa harzar ganye su mayar da ita wasu ƙananan sinadaran kitse, bangon hanji ya tsotse su, jiki ya ƙona su. Wani binciken 1997 kan abincin gorilar yammacin tsakiyar Afirka ya kiyasta cewa wannan hanya kan iya ba shi sama da rabin makamashinsa. Shi ya sa kake ganin ƙaton tulun cikin nan a gabansa: ba teɓa ba ce, hanji ne cike da ganye. A manyan birai babban hanji ya haura kashi 45 cikin 100 na dukan hanyar abinci, a mutum kuwa wajen kashi 20 ne, ƙaramin hanjinmu ne ya kwashe fiye da rabi.

Furotin ɗin kuwa daga ganyen kansa yake zuwa kai tsaye. Mu yi lissafi a sauƙaƙe. Babban namiji yakan ci wajen kilo 18 na tsirrai a yini, wani lokaci fiye. A ce kashi 80 ruwa ne, saura busasshe kilo 3 da rabi. In furotin ya kai kashi 15 zuwa 20 na wannan, an samu giram 500 zuwa 700. Ba duka jiki ke amfana da shi ba, domin wani yana ɗaure da harza, wani kuma sinadarin bauri irin na bagaruwa ya riƙe shi. Duk da haka abin da ya rage ya ishe shi har da ragowa.

Ɗan_Gandun_Daji:
Likita ya faɗi daidai, bari in ƙara daga ɓangaren yadda suke ci a daji. Gorila ba ya dumbuzar ganye haka kawai. Zaɓe yake yi. Na kan duwatsun Virunga, tsakanin Ruwanda da Uganda da Kwango, za ka ga ya kama kara ya ɓare bawon da haƙori ya cinye totuwar ciki ya yar da saura. Ganye mai ƙaiƙayi kuma sai ya zage shi daga kara da hannu ɗaya, ya naɗe shi yadda gashin ƙaiƙayin zai koma ciki, sannan ya kai baki. Ya fi son sabon toho, domin ya fi furotin kuma harzarsa ba ta yi tauri ba. Lokacin tohon gora kuwa garke kan sauko musamman dominsa.

A dajin Bwindi na Uganda an auna abincinsu, aka buga sakamakon a 2011. Lokacin da 'ya'yan itace suka wadata, furotin yana ba su wajen kashi 19 na makamashinsu. Lokacin da ganye ne kaɗai, yakan kai kashi 31. Ma'ana furotin ba shi ne ƙarancinsu ba, yawa ma yake musu. Makamashi suke bi, sai furotin ya biyo da yawa. Abin da ganye ke gaza ba su shi ne gishiri. A Bwindin nan an ga suna gaigayar ruɓaɓɓen kututture har dasashinsu ya yi jini, da aka auna sai aka tarar fiye da kashi 95 na sodiyom ɗinsu, wato sinadarin gishiri, daga nan yake fitowa, kamar dai yadda makiyayi ke kai shanu lasar kanwa. Suna cin gara da tururuwa, amma kaɗan ne ƙwarai a kan jimillar abincin.

Kuma kada a manta da kayan aikin. Turamensa manya ne masu kaifin baki, kuma a tsakiyar ƙoƙon kan namiji akwai tudun ƙashi kamar zanko, inda tsokar muƙamuƙi ke kamawa. Kusan rabin yininsa a tauna yake ƙarewa, sauran yawanci hutu ne, ciki na aiki. Mu ma muna da su a Najeriya, gorilar Kuros Riba a kan iyaka da Kamaru, ba su wuce 300 ba a duniya, kuma su sun fi na kan dutse cin 'ya'yan itace idan kakarsu ta zo.

Malama_Bayoloji:
Ɗan'uwa mai tambaya, akwai abin da ya kamata a raba: abinci tubali ne kawai, tsarin ginin yana cikin halitta. Dubi macen gorila. Daji ɗaya, ganye ɗaya, amma nauyinta wajen rabin na namijin ne. Shi ma namijin sai ya doshi shekara 12, sinadarin mazakuta da ake kira testosteron ya yi aikinsa, bayansa ya yi furfura, sannan wannan jikin ke cika. Ba ɗaga ƙarfe ya kawo shi ba.

Irin zaren tsokar ma daban yake. Binciken 2017 kan tsokar chimpanzi, ɗan'uwan gorila a cikin manyan birai, ya nuna wajen kashi biyu cikin uku zare ne mai saurin fizga, mu kuma namu ya fi karkata ga mai jimiri, na doguwar tafiya. Da aka kwatanta tsoka mai girma ɗaya, tasu ta fi tamu ƙarfi da wajen sau 1.35. Don haka a yi hattara da masu cewa gorila ya ninka mutum sau goma ko ashirin, babu awon da ya tsayar da wannan.

Batun zogale kuwa, yana da kyau a miya da kwaɗo, amma ba za ka iya cin kilo 18 ba, kuma hanjinka ba zai ciro makamashi daga harza yadda nasa ke yi ba. Kumburin ciki da gudawa da rama ne za su biyo baya. Mai son tsoka daga tsirrai ya nemi masu furotin a dunƙule: wake, awara, gyaɗa da ƙuliƙuli, a haɗa da hatsi. Mai motsa jiki da nauyi yana buƙatar wajen giram 1.6 na furotin a kowane kilo na jikinsa a yini, wato mai kilo 70 ya nemi giram 110.

Likitan_Dabbobi:
Haka ne Malama, kuma juyin abin ma yana cutarwa. A gidajen namun daji an daɗe ana ba gorila biskit mai sitaci da 'ya'yan itacen gona masu zaƙi. Sai su cinye cikin ɗan lokaci, su yi ƙiba, su riƙa dawo da abinci baki suna sake haɗiyewa. Ciwon zuciya ne kan gaba wajen kashe manyan mazansu a can. A gidan namun daji na Cleveland a Amurka an janye biskit ɗin, aka koma ganye mai yawa da rassa, aka warwatsa musu a fili don su daɗe suna nema. Nauyinsu ya sauka, dawo da abincin nan ma ya tsaya, alhali yawan abin da suke ci ƙaruwa ya yi.